Ranar da Goggo Ta Wanke Motar Baba Tsoho

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Kakanmu ya riga mu amsa kiran a tsakiyar zafin bazarar bara, a gidansa na Kurudu, da hantsi, bayan ya sha kununsa ya kuma yi wa matarsa ƙorafin tsamiya ta yi yawa. Mu jikokinsa Baba Tsoho muke ce masa, mutanen gareji kuwa Oga. Na zauna rubuta wannan ne saboda autana ya fara nuna hoton da ke falo yana tambayata wane ne wannan mai hular, abin kuma ya sosa mini rai ƙwarai.

Na sha zuwa gidan makoki, amma ban taɓa ganin inda mutane ke shigowa da jan ido su fita suna danne dariya da gefen mayafi ba sai namu. Mutum zai durƙusa ya ce, "Ya haƙuri?" a ce masa, "Da godiya." Ya yi addu'a, a shafa. Maimakon ya tashi ya ba na baya wuri, sai ya gyara zama ya ce, "Ai ni marigayi ya taɓa yi mini wani abu." Shi ke nan an shiga hira. Abokan aikin babana na ma'aikatar tarayya sun zo da shaddodinsu masu sitaci, suka zauna tabarma ɗaya da makanikai masu baƙin farce, kowa da nasa labarin. Wani direban akori-kura daga Orozo ya ce ranar da ya fara kai masa motarsa, marigayi ya zagaya ta yana ƙwanƙwasa ta da gaɓar yatsa, ya kara kunne, sannan ya dube shi ya ce, "Malam, abu biyu ne ke riƙe da motar nan, fenti da addu'ar mahaifiyarka." Liman kansa sai da ya sunkuyar da kai yana gyaran murya.

Sana'arsa gyaran jikin mota ce, abin da ake kira fanal-bita: ya miƙe abin da ya lotse, ya yanke abin da ya ruɓe, ya yi walda. Daga Zariya ya zo Abuja tun ana sare daji ana kafa tubali. Ya kawo Iya, kakarmu, a cikin wata shuɗiyar mota mai dogon baya, ita da kwanukanta da turminta. Motar ta yi wa gidanmu bauta. Ta kai masu naƙuda asibiti, ta kai amare, ta ɗauko doya daga Kwali har sai bayanta ya kusa taɓa ƙasa. Sannan ta tsufa kamar kowa. Tsatsa ta ci ta ta ciki har jikinta ya saki, in ta faɗa rami sai ta murɗe, ƙofofin su yi ta kansu. Wata Juma'a a hanyar Orozo ƙofar ɓangaren Iya ta buɗe da kanta, kular tuwon da ke kan cinyarta ta fice ta gangara kwalta. Allah ya tsare Iya ba ta bi tuwon ba.

Da suka dawo gida ta ce ita da motar nan haihata-haihata. Shi kuma ya ce, "Motar da ta kawo ki ita za ta mayar da ke Zariya ganin gida. Sai na gyara ta ta koma yadda take."

"To wallahi ni ma ba zan taka Zariya ba sai a cikinta," in ji Iya. "Mu ga wanda zai fara gajiya."

Mun ɗauka faɗan tsofaffi ne, ya wuce da la'asar. Ashe an gamu, kowa da taurin kansa. Wasa-wasa aka yi biki a Zariya Iya ta aika gudummawa ba ta je ba, aka yi suna ba ta je ba. Tana da yaya guda ɗaya da ta rage mata a can, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda idonta ya fara tafiya. Kullum sai ta aiko a ce wa Iya ta zo tun tana iya gane fuska. Iya ta yi kuka a ɗaki, ta fito ta leƙa motar ta ce, "Malam, yaushe?" Shi kuma ya ce, "Saura ƙiris."

Maganar kumfa ta shigo ne ta hannun wani mai sha'awar tsofaffin motoci, wanda ya nuna masa wata irin kumfa da ake ɗura wa jikin mota don ya yi ƙarfi. Baba Tsoho ya yi tsaki ya ce, "Kumfa? Mota zan gyara ko wanki zan yi?" Amma bai iya barin abu ya wuce shi ba. Ya samo bututun ƙarfe mara kauri ya raba biyu, ya ɗura wa ɗaya, ya bar ɗaya haka nan. Washegari ya ɗora kowanne a kan bulo biyu ya hau. Wanda ba komai a ciki ya lanƙwashe ya zubar da shi ƙasa. Mai kumfar bai ko motsa ba. Tsohon nan ya yi ta tsalle a kai yana kiran Iya ta zo ta hau su biyu, ta ce masa ita ba sa'arsa ba ce. Tun daga ranar duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya sha wa'azin kumfa.

Ga yadda ya koya mini abin. Jikin mota ba curin ƙarfe ba ne. Ginshiƙan da ke riƙe da rufi, da dokin ƙofa na ƙasa inda ake taka ƙafa a shiga, duk kogo ne a ciki. Ana haɗa ruwa iri biyu a wata bindiga a ɗura ta ƙananan huda, ya kumbura ya cika kogon, ya daskare ya yi tauri. Sai dai in kumfar ta shiga ta shiga ke nan, ba a fito da ita. Duk abin da ta tarar a ciki, laima ko tsatsa ko datti, ta rufe shi, ya yi ta cin ƙarfen ta inda ido ba ya kaiwa, har ranar da motar za ta karye da mutane a ciki. Shi ya sa yake cewa, "Ɗurin kumfa kafin shayi ya huce an gama. Shirya mata ɗaki shi ne aikin. Ba a kai amarya ɗakin da ba a share ba."

A nan hannuna ya shigo. Ni malamar makaranta ce a Karu, da aurena da 'ya'yana, amma Allah ya yi ni da siririn hannu, tun ina yarinya ake tsokanata da shi. Baba Tsoho ne kaɗai ya taɓa ganin amfaninsa. Ranar Asabar sai wayata ta yi ƙara.

"Amarya, ki zo da hannun nan naki."

"Tsoho, na gaya maka ni ba na auren mai warin walda."

"Wa ya ce ke nake so? Hannun nake so. Ki aiko shi a keke in ke ba ki da lokaci."

Haka zan bar wankina in tafi ina mita. Ya ba ni safar hannu, in zura hannu a ginshiƙi har kafaɗa, in dinga zaro abin mamaki: gidan zanzaro, ƙwallon dabino, murfin biro, jar ƙasa cikin tafin hannu. Shi yana tsaye a kaina yana ba da umarni, ni ina mayar masa da baƙar magana, kuma wallahi ban san ina jin daɗin ranakun nan ba sai da suka ƙare.

Ba ya tsallake komai. Sai da ya gama duk wata walda tukuna, don kumfa da wuta ba sa haɗuwa, hayaƙinta guba ne. Ya cire kujeru da kafet. Ya ɗaura buroshin waya a bakin doguwar waya ya kankare tsatsar ciki, ya hure da injin iska, ya zuba maganin tsatsa, ya bi da jan fenti ta siririn tiyo. Wayoyin wuta da ke bi ta cikin ginshiƙi ya zaro su ya sa musu riga ta roba don kada kumfa ta haɗiye su. Ya ɗaura noti a ramin bel ɗin kujera don kada ya toshe. Inda yake so kumfa ta tsaya, ya yanka soso ya cusa. Kowace huda ya manne ta da salatif. Ƙofofi kuwa bai yarda a taɓa su ba, don gilashi na buƙatar wurin sauka. Sannan ga wasu 'yan hudoji a can ƙasan dokin ƙofa, inda ruwa ke tsiyayewa. Waɗannan ya zura wa kowacce bututun shan lemo, yadda in kumfa ta daskare a zare bututun hanya ta zauna a buɗe. Yakan ce, "Ruwa baƙo ne. Ba ka isa ka hana shi shiga mota ba, amma ka bar masa ƙofar fita."

Abin da ya fi cin lokaci shi ne bushewa. Duk ranin nan motar tana shanye a filin ƙofar gida, ko alwala bai yarda a yi kusa da ita ba. Yana da gwajinsa na kansa. Da yamma zai saci garin kwaki a kicin ɗin Iya, ya ƙulle a tsumma, ya zura cikin kogon da zare. Da safe ya jawo ya watsa a baki. In garin ya yi laushi, da sauran laima. In ya ce garas a haƙori, wurin ya bushe. Iya ta yi faɗa har ta gaji, ta ce duk Kurudu ita kaɗai ce take ciyar da mota.

Da ya gama tun kafin ajali ya zo, ba don kaza ba. Kazar wata maƙwabciyarmu, Bagwariya mai sayar da itace, tun kafin a fara shanya motar ta shiga bayanta inda aka cire kujera ta zuba ƙwai ta hau kwanci. Na ce a ɗauke ta a mayar wa mai ita. Ya ce in kaza ta tashi daga kwanci ƙwan ya lalace, kuma matar nan da kajin take yi wa 'ya'yanta hidima. Ya dakatar da aikin ɗungurungum, ya hana kunna injin iska don kada ta firgita, kullum da safe ya ajiye mata tsaki da ruwa a murfin gwangwani can nesa da dokin ƙofa. Na ce masa, "Tsoho, yayar Iya na can na jira, kai kana nan kana renon kaza." Ya ce, "Ita ma haihuwa za ta yi." Ranar sadaka matar nan ta shigo da ƙaton zakara a hammata, ta ajiye a gaban Iya tana hawaye ta ce, "Mama, wannan ɗan mota ne. A yanka wa Baba."

Mutum ɗaya ne bai zo ba a ranar farko, don yana Ilori lokacin da abin ya faru. Baba Mai Fenti ke nan, Bayarabe, wanda rumfarsa ke manne da ta kakanmu a gareji tun ba a haife ni ba. Kakanmu ya buga, shi ya fesa. Sun yi faɗa a kan wata motar mutane. Baba Mai Fenti, don aikinsa ya fito sumul, ya cike hudojin ruwan nan ya bi da fenti. Baba Tsoho ya gani, ya ɗauko ƙusa ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya huda a kan ɗanyen fenti, a gaban mai shi. Tun daga ranar ba abin da ke haɗa su sai sallama, don kada a ce Musulmi sun yi gaba. Sauran magana kuwa sai ta bakin wani. Suna zaune benci ɗaya, kakanmu zai dubi sama ya ce, "A gaya wa mai fenti ya matsa, ya tare mini iska." Shi kuma ya ce, "A gaya wa Oga iska ba na babansa ba ne." Duk da haka kunun Iya bai fasa zuwa rumfar mai fenti ba, tuwon amala na matar mai fenti bai fasa zuwa gidanmu ba. A haka mutuwa ta same su.

Yanzu sai Goggo. Ƙanwar Baba Tsoho ce, daga Zariya ta zo makoki, mace ce mai tsabtar da har tsintsiya take wankewa. Tun da ta sauka take hararar motar nan: ga ƙura, ga salatif ta ko'ina, ga tsummoki da soso a cuccushe, ga bututun lemo suna leƙe ta ƙasa, kuma a nan gefen aka kafa rumfar maza. Ranar sadakar uku manyan mutane za su zo. Goggo ta ga ba za ta bari a ce motar yayanta ta zama juji a gaban baƙi ba. Ana idar da asuba ta tare 'yan ga-ruwa, ta sa suka juye kura biyu, ta tara 'yan matan gida da garin sabulu. Ta ɓare salatif, ta zare soso, ta tsince bututun lemo ta zubar. Da ta ga ramuka a buɗe, sai ta sa aka dinga ɗura musu ruwa da buta har sai da ya fito fari tas.

Na iso da hantsi na tarar da mota tana ƙyalli, tana ɗigar da ruwa ta kowace kafa. Na zauna a kan bulo. Goggo ta tsaya a kaina tana goge hannu da zani ta ce, "Kin ga yadda ta fito? Da Yaya zai gani da ya sa mini albarka."

Sai ga Baba Mai Fenti, tun daga bakin titi ake jin kukansa, "Oga na! Oga na!" Ya shigo filin, ya ga motar, kukan ya tsaya cak.

"Wane ne ya wanke wannan mota?"

"Ni ce," in ji Goggo.

"Mama, ka zuba ruwa a ciki? Cikin rami?"

"Har sai da ya fita fes."

Ya ɗora hannu biyu a ka. "Chai! Mutum ya mutu, kun sake kashe shi! Duk rani yana busar da wannan mota. Ni na san shi, ko atishawa ka yi kusa sai ya kore ka. Wayyo Oga, sun yi maka wanka, sun yi wa mota wanka!"

Mazan rumfa suka hau salati. Goggo ta riƙe ƙugu ta ce, "To ni ina na san a Abuja da gangan ake ajiye datti?"

Wani ya fashe da dariya, ta bi rumfar kamar wutar kara, har cikin gida muka jiyo ta Iya, wadda tun rasuwar ba wanda ya ga haƙorinta. Ni kam dariyar nake ina kuka, don na san aikin da ya tafi a ruwan nan, na kuma san mai aikin ba zai dawo ya sake ba.

Bayan sadakar bakwai babana ya tara mu. Ba mugun nufi gare shi ba, tsoro yake ji, uwarsa kaɗai ta rage masa. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Iya ya ce, "Iya, motar nan ta gama yi. In kin fita takaba ni zan kai ki Zariya a tawa, ga sanyi ga komai. Rantsuwar kuma ki yi kaffara, na tambayi liman. Motar kuwa a kira 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe su kwashe."

Iya ta ce, "Kai kana ganin rantsuwata nake tsaro? Alkawarinsa nake tsare masa. In kun ba 'yan gwangwan, to ku bar ni a Kurudu, yayata mu haɗu a can."

Daga ƙarshe babana ya ce ya ji, a gwada. In ranar fita takaba ta zo motar ta yi ƙarfin da zai yarda uwarsa ta shiga, shi ke nan. In ba ta yi ba, ba zai bar ta ta hau hanyar Kaduna a cikin gwangwani ba, ko za ta yi fushi da shi. Ga damina ta ƙarato, hadari ya fara haɗuwa ta gabas.

Baba Mai Fenti ya rufe rumfarsa ya tare a ƙofar gidanmu. Rumfar makoki ba a kwance ta ba, aka ja ta kan motar. Ya ɗaga gabanta da jak ruwa ya gangaro ta baya, ya ɗaga bayanta ya gangaro ta gaba, jajawur da sabuwar tsatsa, yana kallo yana cizon yatsa. Aka koma farko: kankara, hurawa, magani, jan fenti. Hannuna ya koma bakin aiki, sai dai yanzu ba mai ce mini amarya. Na aro dirayar busar da gashi a shagon kitso na layinmu, matan layin suka ji labari kowa ta kawo tata. In an kawo wuta sai ka ga mata sun fito da gudu da ɗankwali a hannu, kowa ta kama rami ɗaya tana hura masa zafi. In an ɗauke a koma jiran rana. In hadari ya taso a ruga da tamfol, Iya tana taga tana nuna inda aka bari a buɗe.

Goggo ta ƙi komawa Zariya. Kullum sai ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna a gindin dokin ƙofa da maficinta tana fifita rami. In an kalle ta ta ce, "Ba wai don na yi laifi ba. Zaman banza ne ba na so." Baba Mai Fenti ya ce, "Mama, fifita da kyau, kai ne ka jiƙa shi." Ta ce ya fara koyon Hausa tukuna kafin ya ba ta umarni. A faɗan nan nasu na gane ya sami wanda zai maye masa gurbin abokin faɗa, ita ma haka.

Garin kwaki yanzu Iya da kanta take ƙullawa. Da yamma ta miƙo ta taga ba tare da an tambaya ba. Da safe ni ke taunawa, don Baba Mai Fenti ya ce haƙoransa sun tafi Ilori ba su dawo ba. Laushi. Gobe laushi. Iskar damina kanta a jiƙe take, abin da muka busar da rana sai ya sha laima kafin safiya. Na fara fidda rai. Ga kwanakin takaba suna ta tafiya, ga saƙo ya sake zuwa daga Zariya cewa yayar Iya yanzu sai an zo dab da ita take gane mutum. Wata safiya na tofar da garin na ce a bar wahalar nan haka, tsohon nan ya tafi ya bar mu da aikin da ya fi ƙarfinmu. Baba Mai Fenti ya je ya samo ƙwan lantarki masu zafi ya jera a ƙarƙashin dokin ƙofa, ya rufe kowace huda da salatif da zarar rana ta yi sanyi don kada iskar yamma ta shiga.

Aka samu 'yan kwanaki ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe sosai. Na jawo ƙullin farko na watsa a baki, ya ce garas. Na biyu garas. Na bi su duka ina taunawa kamar akuya, kowa ya zuba mini ido. Goggo ta kama hanci za ta rangaɗa guɗa, Iya ta ce daga taga, "Ke, gidan takaba ne." Sannan ita ma ta rufe fuska da mayafi kafaɗunta na rawa.

A ranar aka ɗura. Baba Mai Fenti ya mayar da soso inda yake, ya manne hudoji, sannan ya kwanta a ƙasa da tsufansa ya zura bututun lemo a kowace hudar ruwa da hannunsa. Da ya gama ya tashi zaune ya dubi sama ya ce, "A gaya wa Oga na bar masa raminsa." Ba wanda ya yi dariya a wannan karon. Ya ɗauki bindigar ya fara daga ƙasa yana hawa, kumfa na kumbura tana leƙowa ta hudar gaba, ni ina bi ina mannewa. Gaskiyar Baba Tsoho ce, shayin da aka kawo masa bai gama hucewa ba aka kammala. Washegari na ƙwanƙwasa ginshiƙin da gaɓar yatsa. Da can ƙwal-ƙwal yake yi kamar gwangwanin madara, yanzu sai ya ce tim.

Sauran aikin mutanen gareji ne suka yi rubdugu a kai, mai inji ya zo, mai waya ya zo, mai kujera ya zo, ba wanda aka aika wa. Baba Mai Fenti ya fesa mata shuɗinta na asali. Babana ya karɓi makulli ya tafi da ita hanyar Orozo shi kaɗai, yana neman ramuka da gangan yana faɗawa. Ya dawo ya fito ya zagaya ta, ya ja kowace ƙofa, ya daɗe a tsaye. Abin da ya ce kawai shi ne, "A canza tayoyin baya." Muka gane ya yarda.

Ranar tafiya na zo da sassafe don in taya Iya shiri, na tarar ɗakinta a buɗe ba kowa. Tana cikin mota, a gaba, da sabuwar atamfa da lalle a hannu, jakarta a kan cinya. Ta ce ni zan ja ta, babana da Goggo su biyo mu a baya da kaya. Baba Mai Fenti ya rufe mata ƙofa da kansa, ya sake ja ya tabbatar.

Mun fito layi zan hau babban titi ta ce, "Bi ta hagu." Hanyar da ke bin katangar maƙabarta ce. Da muka zo daidai wurin ta ce in tsaya. Ta sauke gilashi ta yi wa mutanen ciki sallama. Ta ɗaga hannu ta roƙi Allah ya jiƙan Malam, ya yafe masa, ya yalwata masa makwanci, ya sa yadda ya tsabtace abin da ido ba ya gani shi ma a tarar da cikinsa fes. Na ce amin, muka shafa. Na kai hannu zan sa giya ta ce, "Danna hon."

"Iya, a nan?"

"Danna, na ce. Tun da aka kai ni gidansa ban taɓa riga shi shiga mota ba. Kullum yana ciki yana danna mini hon, unguwa duk ta ji, ni ina ɗaki ina neman ɗankwali. Yau ya ji ni ce a ciki."

Na danna sau ɗaya, mai tsawo. Ta zauna shiru idonta a kan katangar, ta ba shi lokacin da mutum zai sa takalmi ya ɗauki hula. Sannan ta goge ido da bakin mayafi, ta ɗaga gilashinta.

"Mu je," in ji ta. "Yau shi ne bai shirya ba."